Tambaya da Amsa: Dokokin Cinikin Amfanin Gona Tsakanin Ƙasashe da Tasirinsu a Kan Daji, Ruwa da Ƙasar Noma

Yawancin wasiƙun wannan watan sun faɗa kan abu guda: dokar da aka zauna aka tsara a wata ƙasa mai nisa, amma ta iso gona da kasuwa ta sauya farashi. Farashin kuwa shi ke sa manomi ya sare itace ko ya bar shi, ya tare ruwa ko ya sake shi, ya zuba guba a buhu ko ya nemi wata hanya. Ga waɗanda muka zaɓa.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Na daɗe ina jin cewa Turai ta hana shigar da wakenmu. Mene ne ainihin laifin waken, kuma yaya mutum zai adana shi har ya karɓu a waje?

AMSA: Alhaji, waken ba shi da laifi, abin da ake zuba masa ne matsalar. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, ta kuma riƙa tsawaita dakatarwar bayan nan. Dalili shi ne sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani a kasuwa da ota-piya-piya. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, wato miligiram 1 kacal a buhu mai kilo 100. A kayan da aka gwada an samu daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kilo. Wannan na ƙarshe ya ninka iyakar sau 460.

Dichlorvos ba maganin ajiyar abinci ba ne. Idan aka yayyafa shi a kan wake yana shiga ƙwayar, shanya a rana da wanki ba sa fitar da shi duka. Abin da ya fi damunmu ma shi ne waken da Turai ta ƙi ba zubar da shi ake yi ba, irinsa ne ke shiga tukwanen gidajenmu, kwalaben da aka gama da su kuma suna ƙarewa a kwata da bakin rafi.

Hanyar da aka gwada ta yi aiki ita ce buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, akwai na kilo 50 da na kilo 100. Ba magani a cikinsa. Ƙwaron da ya shigo tare da waken yana shaƙe ɗan iskar da ke ciki, idan ta ƙare ya daina ci da haihuwa ya mutu. Sai dai aikin yana ɓaci a wurare huɗu.

Wake mai danshi shi ne na farko. Danshin kada ya wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100, in ba haka ba fumfuna za ta kama shi a cikin ledar. In babu na'urar awo, a sami busasshiyar kwalba, a zuba busasshen gishiri da ɗan wake, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Na biyu huda: kafin a zuba komai a hura iska a kowace leda a matsa, a bar wadda ke fitar da iska, a kuma tsince tsakuwa da kara domin su ke huda ta daga ciki. Na uku ɗauri: kada a cika har baki, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure su gaba ɗaya da igiya guda shi ne kuskuren da aka fi yi. Na huɗu ɓera da yawan buɗewa: a ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, kuma kada a riƙa ɗiba ana mayarwa.

Akwai rashin adalci a lamarin, kuma ya kamata a faɗa. Wasu magungunan feshi da Turai ta haramta a gonakinta, irin su paraquat da atrazine, kamfanoninta sun ci gaba da yin su suna sayar wa ƙasashen waje. Faransa ta fara hana irin wannan fitarwa daga 2022, amma ba dukkan ƙasashen ne suka bi ba. A sayar maka da guba, sannan a ƙi amfaninka saboda ragowar guba, wannan tsari ne da ya kamata wakilan Afirka su riƙa tayar da maganarsa a kowane zaman ciniki. Hakan bai wanke mai zuba ota-piya-piya a abincin mutane ba.

TAMBAYA: Ina sayen koko a ƙauyukan da ke kewaye da Kumasi ina kai wa manyan masu saye. Ɗan'uwana kuma yana noman waken suya a Kaduna. An ce wata sabuwar dokar Turai kan sare daji za ta shafe mu duka. Me take nema?

AMSA: Malam, dokar ita ce wadda ake taƙaita sunanta da EUDR, an kafa ta a Yunin 2023. Ta shafi kaya bakwai: shanu, koko, kofi, kwakwar manja, roba, waken suya da katako, har da abubuwan da ake yi da su kamar cakulan da taya. An so fara aiki da ita a ƙarshen 2024, aka ɗage zuwa ƙarshen 2025, aka sake ɗagewa zuwa 30 ga Disamba 2026 ga manyan kamfanoni. Ranar farawa ke motsi, ranar da ake auna laifi da ita tana nan: 31 ga Disamba 2020. Duk gonar da aka sare daji aka yi ta bayan wannan rana, amfaninta ba zai shiga Turai ba, ko da dokar ƙasar da gonar take ta halatta sarewar.

Kamfanin da ke shigar da kayan shi zai rantse a rubuce, kuma tarar da za a iya ci masa tana kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a Turai. Saboda haka zai matsa wa na ƙasa da shi, har matsin ya iso kanka. Abin da za a nema a hannunka shi ne lambobin wurin da kowace gona take a taswira, masu ɗauke da alƙaluma shida bayan ɗigo. Gonar da ba ta wuce hekta 4 ba, ɗigo ɗaya ya isa. Wadda ta wuce, sai an zagaye iyakarta da waya ko na'ura an zana siffarta. Za a ɗora wannan a kan hotunan tauraron ɗan'adam na ƙarshen 2020 a gani ko daji ne a lokacin. Ana kuma son shaidar cewa gonar halattacciya ce, ba a cikin gandun dajin gwamnati take ba.

Inda ƙaramin mai saye zai fi shan wuya shi ne haɗa kaya. Dokar ba ta yarda a gauraya wanda aka san asalinsa da wanda ba a sani ba. Wake ɗaya ke ɓata gari: buhu guda marar shaida yana iya sa a ƙi kwantena. Don haka ka buɗe littafi tun yanzu, sunan manomi, lambar gonarsa, rana da nauyi, ka sa alama a kowane buhu, ka kuma ware sito biyu. Ka lura da nauyin da kowane manomi ke kawowa. Gonar hekta 1 da aka rubuta mata tan 3 na koko a kaka ɗaya, duk mai bincike zai gane an cusa kayan wata gona da sunanta.

Akwai kuskuren da taswira ke yi. A wajen dokar, daji shi ne fili fiye da rabin hekta, mai itatuwa da suka wuce mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar, kuma ba gona ba. Tsohuwar gonar koko da ke ƙarƙashin manyan itatuwan inuwa tana iya bayyana a hoto kamar daji, ranar da aka rage itatuwan sai a ce an sare daji. Maganin wannan tsofaffin takardu ne: rasit na sayar da koko kafin 2021, katin ƙungiyar manoma, takardar gado ko ta haya.

Ɗan'uwanka na Kaduna, idan wakensa a cikin gida yake ƙarewa wajen masu abincin kaji da matsar mai, dokar ba ta kai kansa kai tsaye. Sai in mai sayensa yana fitarwa Turai. A nan ne ma raunin dokar yake. Ba ta kare filin da itatuwansa ke warwatse, kuma yawancin dajin arewacin Najeriya da kudancin Nijar irin wannan ne, haka ma babban ɓangaren yankin Cerrado na Brazil inda noman waken suya ya fi cin ƙasa. Ba ta kuma hana a kai wa Turai kayan tsohuwar gona, a tura na sabon sassabe wata kasuwa da ba ta tambaya. Duk da haka muna ganin ajiye bayanan gona riba ce ga manomi, domin shaidar da ba shi da ita a da kan ƙasarsa ce yake samu.

TAMBAYA: Muna harkar fata a Kano. Mu ma dokar ta kama mu?

AMSA: Jerin kayan da dokar ta fito da shi ya ambaci fatar shanu, ɗanya da jemammiya. Fatar akuya da ta tumaki, wadda ita ce ƙashin bayan abin da Kano ke fitarwa, ba ta ciki. Abin da ya fi kusa da ku shi ne ruwan jima mai sinadarin kuromiyam da ke gangarawa Kogin Challawa, wanda ake ban ruwan kayan lambu da shi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai karatun tattalin arzikin noma. Ana cewa tallafin da ƙasashe masu arziki ke ba manomansu yana cutar da mu yana kuma ɓata muhalli. Ta wace hanya, kuma me ya sa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba ta hana ba?

AMSA: Malama, yarjejeniyar noma ta wannan ƙungiya, wato WTO, da ta fara aiki a 1995 ba ta hana tallafi ba, rarraba shi ta yi. Wanda aka ɗaure da farashi ko yawan amfani, kamar sayen hatsi sama da farashin kasuwa, shi aka ce yana karkata ciniki, aka sa masa iyaka. Ana yafe shi muddin bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar amfanin ba a ƙasashen da suka ci gaba, kashi 10 a masu tasowa. Wanda ba a ɗaure da yawan amfani ba, kamar bincike, hanyoyin karkara da biyan manomi don kula da ƙasa, ba shi da iyaka. Ƙasashen da suka daɗe suna ba da tallafi mai yawa sun sami iyaka mai faɗi tun farko, sauran tallafin kuma suka mayar da shi rukunin da ba shi da iyaka. Tallafin fitar da kaya waje ne kawai aka amince a daina, a taron Nairobi na 2015.

Wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta tallafin manoma a duniya da dala biliyan 540 a shekara, ya kuma ce kashi 87 cikin 100 nasa yana karkata farashi ko yana cutar da muhalli da lafiya. Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Idan kuɗin da za ka samu ya dogara da yawan tan, za ka ƙara taki, ka ƙara ruwa, ka nome har gefen rafi. Takin da ke wankowa daga gonakin masarar Amurka ya bi Kogin Misisipi, duk bazara yana haifar da yanki a Tekun Meziko da iskar ruwansa ke ƙarewa har kifi ya gudu ko ya mutu.

Ta ɓangarenmu, auduga ce misalin da aka fi sani. A 2003 Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka kai kukan tallafin audugar Amurka taron WTO na birnin Kankun a Meziko. Brazil ce ta iya ɗaukar nauyin shari'a, ta shigar da ƙara a 2002 ta yi nasara, a 2014 aka sasanta Amurka ta biya ta dala miliyan 300. Ƙasashen Afirka huɗun ba su sami irin wannan diyya ba. Manomin da farashi ya karye masa yakan faɗaɗa gona don cike giɓi, ya daina barin saura ta huta.

Ki duba madarar gari ma. Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a 2015. Ana cire man madarar a sayar da shi daban da tsada, a maye gurbinsa da man kwakwar manja, a busar a turo Afirka ta Yamma a manyan buhuna, inda kuɗin fiton ECOWAS a kansa kashi 5 ne kacal. Nonon Fulani ba zai iya gasa da wannan a farashi ba, shi ya sa masana'antu ba sa ganin dalilin kafa wuraren tara nono a rugage. Man da aka sa a ciki kuma yawancinsa daga Indonesiya da Malesiya yake, inda noman kwakwar ya ci daji mai yawa.

TAMBAYA: Ina noman rani na shinkafa a yankin Haɗeja. Lokacin da aka rufe boda mun ci riba, yanzu farashi ya faɗi, ruwa kuma kullum sai faɗa. Wanne ya fi wa ƙasa, hana shigo da shinkafa ko buɗewa?

AMSA: Malam, abin da ya fi illa shi ne jujjuyawa tsakanin biyun. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati, aka kuma ƙaddamar da shirin bashin manoma a Kebbi. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. A Yulin 2024 kuma aka sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan wasu hatsi, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A waje, Indiya, mai kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta a duniya, ta taƙaita fitarwa a 2023, ta sassauta a 2024, farashi ya tashi ya sake faɗowa. Manomin da bai san farashin baɗi ba ba zai kashe kuɗi kan daidaita fili ko gyaran magudana ba. Zai sayi injin ban ruwa, ya buɗe sabuwar fadama, ya kwashi abin da zai kwasa.

Shinkafar ban ruwa tana shan kimanin lita 2,500 kafin ta ba da kilo 1 na shanshera. A yankinku ruwan ya riga ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru ta ja baya, sakin ruwa rani da damina kuma ya ba kachalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki. Duk hektar da aka ƙara a sama, masunta da makiyaya da manoman Yobe ne ke biya a ƙasa. Shinkafar waje ma ba tsarkakakkiya ba ce: a jihar Punjab ta Indiya lantarkin kyauta na jan ruwa ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta nitsewa.

Abin da ke hannunka shi ne rage ruwan ba tare da rage amfani ba. Ka yanki bututun roba mai tsawon santimita 30, faɗinsa 10 zuwa 15, ka huhhuda rabinsa, ka kafa rabin mai huda a cikin ƙasa, ka kwashe lakar ciki. Mako 1 zuwa 2 bayan dashe, ka bar ruwan fage ya janye. Kada ka tayar da inji sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan ka cika zuwa santimita 5 a sama. Daga mako guda kafin fitar kai zuwa mako guda bayansa, kada ka bar fagen ya bushe, domin a nan ne ƙishirwa ke jawo ƙaiƙayi. Wannan na iya rage ruwa da kusan kashi 30 cikin 100, da man inji, da iskar methane mai ɗumama yanayi da ruwan kwance ke fitarwa. Ba ya yi a ƙasa mai yashi, ko fagen da ba a daidaita ba, ko inda ciyawa ta riga ta yi ƙarfi.

TAMBAYA: A ƙauyukanmu na Taraba an kwashe madobiya kaf an kai Sin. Yanzu masu gawayi sun koma kan kaɗanya. Babu dokar duniya da ke hana wannan?

AMSA: Akwai, sai dai ta zo a makare. Buƙatar jan katako na kayan ɗaki a Sin ce ta bi Afirka ta Yamma ƙasa bayan ƙasa, inda aka ƙare a nan sai a tsallaka gaba. A 2016 aka sa madobiya cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wanda ke nufin ba a fitar da ita sai da takardar izini da shaidar masana cewa sarewar ba za ta ƙarar da ita ba. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, a 2022 dakatarwar ta game ƙasashen da take fitowa. Kafin nan manyan itatuwan sun tafi, tare da ganyen da makiyaya ke dogara da shi a ƙarshen rani.

Kaɗanya kuwa darajar 'ya'yanta ce ke kare ta. Takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara haihuwa, mai gawayi kuma yana gamawa da ita a yini guda. A Agustan 2025 Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗe na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Manufar mai kyau ce, amma idan masana'antun gida ba za su iya saye duka ba, farashi yana faɗuwa a hannun matan da ke tsinta, itacen kuma ya koma ya fi tsada a buhun gawayi. Irin wannan doka tana buƙatar farashin ƙasa da ba za a sauka daga gare shi ba, da masu saye a shirye, kafin a rufe ƙofa.

Kututturen madobiya da na kaɗanya da yawa ba su mutu ba, suna tohowa. A yankunan Maraɗi da Damagaram manoma sun farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, bayan da suka sami tabbacin cewa itacen gonarsu nasu ne. A kowane kututture a zaɓi tsiro 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran. A datse rassan gefe har zuwa rabin tsayin kowanne, da wuƙa mai kaifi, ana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a share busasshiyar ciyawa a gindinsa kafin lokacin gobarar daji, a koma a sake datsewa duk bayan wata 2 zuwa 6. A kai maganar gaban mai gari da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma, a rubuta wanda ke da kowane itace da tarar wanda ya sare shi.